Lissafin harajin albashi da Excel a Kamaru: tambayoyinku da amsoshinsu

Tambaya daga Garwa: Malam, ina aiki a wani kamfani, albashina sefa 250,000 ne kafin a cire komai. Kowane wata sai in ga an yanke IRPP, wato harajin kuɗin shiga na mutum, ban san yadda aka yi aka samu adadin ba. Ba ni da kwamfuta, waya ce kawai. Zan iya lissafa shi da kaina?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, kuma wayar ta isa. Sauke Google Sheets ko Excel ko WPS Office, ka buɗe sabon shafi. A layin A ka rubuta sunan kowane abu, a layin B kuma lissafinsa. Fomulolin da ke ƙasa na wayar da aka saita da Faransanci ne, tunda ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu.

A akwatin B1 sa albashin wata wanda haraji ke hawa kansa: 250000, ba waƙafi, ba tazara, ba harafin F. A B2 rubuta =B1*12, domin dokar haraji da shekara take lissafi. Daga nan sai ragi uku da doka ta ba ka kafin a taɓa kuɗinka. Na farko kashi 30 cikin ɗari na hidimar aiki, wanda dokar kuɗi ta 2024 ta yi wa iyaka da sefa 4,800,000 a shekara; a B3 rubuta =MIN(B2*30%;4800000). Na biyu kuɗin fanshon da ake cire maka na CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, kashi 4.2, kuma albashin da ake lissafa shi a kai ba ya wuce 750,000 a wata; a B4 rubuta =MIN(B1;750000)*4,2%*12. Na uku rangwamen sefa 500,000 na shekara, ka sa shi a B5. Abin da ya saura shi ne haraji zai ci, wato B6: =MAX(0;B2-B3-B4-B5). Kada ka bar wannan MAX ɗin. Mai albashin 60,000 idan ya yi lissafi ba shi, sakamakon zai faɗi ƙasa da sifili, kamar gwamnati ce za ta biya shi, alhali abin da doka ta ce kawai shi ne wanda bai kai 62,000 a wata ba an yafe masa.

Yanzu matakan haraji. Su ka ba su tebur nasu daban, kada ka cusa su cikin fomula. Daga D2 zuwa D5 rubuta 0, 2000000, 3000000, 5000000. Daga E2 zuwa E5 rubuta 10%, 15%, 25%, 35%. A F2 sa =E2, a F3 sa =E3-E2, ka ja shi har F5; za ka ga 10, 5, 10, 10. Sai B7: =SOMMEPROD((B6>D2:D5)*(B6-D2:D5)*F2:F5). A B8 sa =B7*10%, shi ne kason ƙananan hukumomi da ake rubutawa CAC, kuma a kan harajin yake hawa, ba a kan albashi ba. B9 kuwa =(B7+B8)/12.

A naka albashin, B6 zai nuna 1,474,000, B7 ya nuna 147,400, B8 ya nuna 14,740. A wata ke nan IRPP kusan 12,283, CAC kusan 1,228, jimla 13,512. Idan wayarka ta ba ka wannan, ginin ya tsaya daidai.

Tambaya daga Marwa: An ƙara mini girma, albashina ya koma 600,000. Na yi lissafi na ga na shiga matakin kashi 25, Excel ya nuna mini harajin sama da miliyan ɗaya a shekara. Anya ƙarin nan ba asara ba ce?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba asara ba ce. Kuskuren nan ya fi kowane yawa, kuma yana da ban takaici, don har akwai masu ɗari-ɗari da ƙarin albashi saboda shi. Kin ɗauki kashi 25 kin ɗora a kan kuɗin gaba ɗaya. Abin da haraji zai ci a wurinki 4,237,600 ne: 7,200,000 na shekara, a cire 2,160,000, a cire 302,400 na CNPS, a cire 500,000. Idan aka buga shi duka da kashi 25 sai a samu 1,059,400, na tabbata shi kika gani.

Doka ba haka take aiki ba. Kamar randuna ne a jere, sai ta farko ta cika sannan ruwa ya zuba a ta biyu, kuma kowace da farashinta. Miliyan biyu na farko kashi 10, wato 200,000. Miliyan na uku kashi 15, wato 150,000. Ragowar 1,237,600 ne kaɗai ke biyan kashi 25, wato 309,400. Jimla 659,400, ba 1,059,400 ba. Tsakaninsu 400,000 cif. Ki ƙara CAC 65,940, ki raba gida goma sha biyu, za ki samu 60,445 a wata.

Fomular SOMMEPROD da ke sama abin da take yi ke nan ta wata hanya: tana ɗora kashi 10 a kan komai, sannan ƙarin 5 a kan abin da ya haura miliyan biyu, ƙarin 10 a kan abin da ya haura uku, haka har ƙarshe. Na fi son ta a kan jera SI cikin SI (SI ita ce fomular "idan kaza, to kaza"), domin fomula mai SI huɗu a ƙaramin allon waya, baka ɗaya ta ɓace sai an sha wahala kafin a gano inda ta maƙale.

Tambaya daga Ngaundare: Na kwafo fomula daga intanet, amma sai #NOM? ko #VALEUR! nake gani. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. #NOM? yana nufin ba ta gane sunan da ka rubuta ba. Excel na Faransanci ya san SOMMEPROD da RECHERCHEV da SI, na Ingilishi kuma SUMPRODUCT da VLOOKUP da IF. Idan fayil aka turo maka, shi da kansa yake juya sunayen; wanda ka kwafo ka manna ne ba ya juyawa. Haka ma alamar raba sassan fomula: Faransanci da ; yake rabawa yana rubuta 4,2%, Ingilishi da waƙafi yake rabawa yana rubuta 4.2%. A Google Sheets wannan yana bin ƙasar da aka zaɓa wa fayil ɗin a Paramètres, ba ƙasar da kake zaune ba.

#VALEUR! kuwa galibi lamba ce ta zama rubutu. Duba B1 da kyau: lambar gaske tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu yana jingina da hagu. Idan ka rubuta 250 000 F, ko ka kwafo adadin daga PDF ya taho da ɓoyayyiyar tazara, to rubutu ne. Goge shi ka buga da hannu. In kana son ganin FCFA a gefe, ta Format za ka sa shi, ba cikin akwatin ba.

Wani tarko kuma ga mai yi wa ma'aikata da yawa lissafi: idan ka ja fomula ƙasa, D2:D5 zai zame ya koma D3:D6, ya bar matakin farko a baya, kuma ba zai nuna maka kuskure ba, adadi kawai zai ba ka mara gaskiya. Kulle shi: $D$2:$D$5 da $F$2:$F$5. A kwamfuta maɓallin F4 ne ke sa alamar.

Tambaya daga Gidar: Na bi komai, amma abin da aka yanke a takardar albashina ya fi na teburina da dubbai. Ana cuta ta ne?

Amsa: Kafin ka zargi kowa, Malam, ka bi takardar layi-layi, domin ba IRPP kaɗai ake yankewa ba. Akwai kashi 1 na Crédit Foncier, wato bankin lamunin gina gidaje, wanda ga mai 250,000 ya kama 2,500. Akwai kuɗin rediyo da talabijin na CRTV da ake rubutawa RAV, yana tafiya ne bisa rukuni, daga 750 har 13,000 a wata. Mai albashi tsakanin 200,001 da 300,000 yana biyan 3,250. Akwai kuma harajin raya ƙananan hukumomi, TDL, wanda ke bin tushen albashi. RAV da TDL ba kashi cikin ɗari ba ne, don haka ka yi wa kowanne ɗan tebur mai layi biyu, farkon rukuni da kuɗinsa, a jere daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauko da =RECHERCHEV(B1;H2:I13;2;VRAI), idan teburin RAV yana H2 zuwa I13; ga TDL kuma ka sa tushen albashi a madadin B1, ka nuna nasa teburin. Idan ka sa FAUX a ƙarshe, sai albashin ya yi daidai da lambar tebur tsaf, in ba haka ba #N/A za ka gani.

Idan layin IRPP ɗin ne kansa ya bambanta, to B1 za ka tuhuma. Abin da kamfani ya ba ka ba da kuɗi ba shi ma ana ƙiyasta shi a ɗora: gida kashi 15 na albashi, mota kashi 10, lantarki kashi 4, ruwa kashi 2. Kuɗin ƙarin lokaci da ladan ƙarshen shekara su ma suna ɗaga watan da aka biya su. Sannan adadin da CNPS ke hawa kansa ba lallai ya zama ɗaya da na haraji ba, ma'aikacin gwamnati kuma tsarin fanshonsa daban ne. Mafi sauƙi ka kwafi kuɗin fansho daga takardar ka ninka sau 12 a B4. Bambancin sefa biyar ko goma na cike lamba ne, ka ƙyale shi. In ya kai dubbai bayan duk wannan, ɗauki teburinka da takardar ka je wurin akanta ka ce ya nuna maka adadin da ya ɗauka a matsayin albashin haraji. Haƙƙinka ne ka sani.

Tambaya daga Kusiri: A Njamaina nake aiki. Teburin nan zai yi mini?

Amsa: Ginin zai yi, lambobin ba za su yi ba. Cadi na da nata matakai da nata ragi, ko kason ma'aikaci na CNPS a can kashi 3.5 ne. Yi kwafin fayil ɗin, ka nemi matakan shekarar da kake ciki a ofishin haraji ko wurin akantan ma'aikatarku, ka sauya layin D da E, ka gyara B3 zuwa B5, ka cire layin CAC. Mutanen Kamaru ma su riƙa duba waɗannan akwatunan kowane Janairu, lokacin da sabuwar dokar kuɗi ke fara aiki, su rubuta shekarar a sunan fayil ɗin.