Katsina zuwa Abuja da mara lafiya: jirgi ko mota?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Kin ce likita ya ba ta ranar Litinin da safe a Abuja, kina tambayar awa nawa ne a mota, nawa ne a jirgi daga nan Katsina. Ni hanyar nan na fi shekara goma ina bin ta saboda aiki, bari in gaya maki abin da na gani.

Ta sama tsakaninmu da Abuja bai kai kilomita 450 ba, daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa na Nnamdi Azikiwe wajen awa ɗaya ne, kafin ki gama shan ruwan da aka miƙo maki kin ji ana cewa a ɗaura bel za a sauka. Amma don Allah kar ki lissafa awa ɗayan nan kaɗai. Sai kun je fili da wuri, in kun sauka ku jira jaka, kuma filin Abuja a bayan gari yake, wajen kilomita 40 ta hanyar Lugbe, ga gosulo safe da yamma. Daga ƙofar gida zuwa masauki ki sa awa huɗu.

A mota kuwa ta haura kilomita 550. Mu ta Charanci da Kankiya muke bi, a Gidan Mutum Ɗaya a yanke zuwa Malumfashi, Bakori, Funtuwa, sai Giwa, Zariya, Kaduna, a faɗa Zuba. Awa takwas zuwa tara ne in an tsaya salla da cin abinci, ban da zaman tasha ana jiran fasinja ɗaya ya cike mota. Na taɓa kai mahaifiyata haka, mutum huɗu a baya, tun daga Zariya ta daina magana, da muka isa ƙafafunta sun kumbura takalmi ya ƙi shiga, wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. In dole motar ce, ki biya mata kujera biyu, ku tashi bayan asuba, kuma kar ki yarda dare ya yi maku a hanya, kowa ya san halin tsaro da ake ciki. Wasu suna sauka Kaduna su hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa tashar Idu da ke Abuja, ya fi sauƙi ga jiki, sai dai ki sayi tikiti tun kafin ku taso.

Ni shawarata jirgin sama, amma ba ranar Lahadi da yamma ba. A lokacin hunturu, hazo in ya sauka jirgi ba ya tashi. Wata shekara a Janairu tun hantsi muke zaune a fili har la'asar sannan aka ce an soke, sai mota na nema zuwa Kano, kilomita wajen 170, awa biyu da rabi ta Tsanyawa da Bichi, na kwana washegari na tashi daga filin Malam Aminu Kano, can jirage sun fi yawa. Ni kaɗai ne shi ya sa ya yiwu, da tsohuwa a hannu ina zan sa kaina?

Ki duba ranar da jirgi ke tashi, ku tafi Juma'a ko Asabar ta samu ta huta. Takardun asibiti da magungunanta su kasance a jakar hannunki, in kuma tafiya na yi mata wuya ki faɗa masu tun wajen yankan tikiti su tanadar mata keken marasa lafiya.