Amsa ga ƴar'uwar da ta tambayi sa wa bakwaini waƙa a cikin kwalba

Assalamu alaikum ƴar'uwa, barka da sauka, Allah ya raya mana. Kin ce an haifi ɗanki cikin yana sati 30, yau kwanansa tara a kwalba, kuma kin ji a waje ana haɗa jinya da waƙa da aikin masu koya wa bakwaini tsotso, shi ne kike tambaya ko ki ajiye masa salula a ciki tana karatu ko waƙa.

Don Allah kada ki sa masa salula. Kwalba rufaffen wuri ce, sauti in ya shiga ƙaruwa yake yi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada ƙara a irin wannan ɗaki ta wuce desibel 45 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), alhali hirar mutane ta yau da kullum tana kai 60. Ga kukan na'urori da ya riga ya ishe shi.

Amma abin da kika ji gaskiya ne. Na yi sati biyar da ɗiyata a ɗakin bakwaini nan Yamai, an haife ta kilo 1 da giram 400. Sai bayan mun koma gida na karanta binciken Joanne Loewy, masaniyar jinya da waƙa, na 2013, wanda aka yi a asibitoci 11 na Amurka kan jarirai 272. Mutum ne yake rera waƙar a gaban jaririn, a hankali, yana bin numfashinsa, kuma har da waƙar renon da iyayen suka zaɓa. Bugun zuciyar yaran ya lafa, tsotso da barci suka gyaru. Da na karanta sai da na yi hawaye, don abin da wata ma'aikaciyar jinya mai shekaru ta koya min ke nan ba tare da ta kira shi da wani suna ba.

Ga yadda muke yi. Ma'aikaciyar ta naɗe zane ta kewaye yarinyar kamar sheƙa, gwiwoyi a tanƙware, hannaye kusa da baki, yadda take a ciki. Lokacin abin da ake ce wa kangaru, wato a kwantar min da ita a ƙirji, fata da fata, tafina ɗaya a kanta ɗaya a gindinta, ba shafawa, ba jijjigawa. Daga nan in fara salati ko waƙar rarrashin da innata ta yi mana a Tawa, ƙasa-ƙasa, murya ɗaya ba canji. In ana zuba mata nono ta tiyon hanci, a ba ta kan nonon da na tatse ta tsotsa, don ta haɗa tsotso da ƙoshi. Masu koya wa bakwaini tsotson nan, da ake ce wa fanninsu ergoterapi, suna cewa aikin jariri shi ne barci da tsotso da natsuwa. Muryar uwa tana kwantar da shi har ya samu ƙarfin yinsu.

Ki riƙa kallon fuskarsa fiye da komi. In ya ware yatsu, ya yi ta hamma ko shaƙuwa, ya kauda kai, ko launinsa ya canja, ya gaji ke nan. Ki yi shiru, ki bar hannunki a jikinsa kawai. Ni da farko nakan ɗauka hammar barci ce, sai da aka nuna min.

Kada ki matsa masa da nono yanzu. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen sati 32 zuwa 34 yake zuwa, in an ƙirga har da satin da ya yi a ciki. Ɗiyata ta kama nono sosai a sati na 34.

Gobe in likita ya zagayo, ki tambaye shi ko an yarda ki fara kangaru. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da wuri. In akwai oksijin a hancinsa, ki bari ma'aikaciya ta ɗora miki shi da hannunta. Ki gaya wa baban ma ya gwada, muryarsa da ƙirjinsa suna aiki. Allah ya fito da ku lafiya.