Me ya sa ake kiran Henrik Ibsen uban wasan kwaikwayo na zamani?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun adabi, kuma sau da yawa nakan ji ana kiran Henrik Ibsen uban wasan kwaikwayo na zamani. Wane ne shi, kuma wane sabon abu ya zo da shi?

Amsa: Malama, an haifi Ibsen a garin Skien na ƙasar Norway ranar 20 ga Maris, 1828. Mahaifinsa attajiri ne da karayar arziki ta samu tun yaron bai kai shekara goma ba, har iyalin suka koma ƙauye. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Grimstad koyon aiki a kantin magani. A ganina, wannan ƙuruciya ce ta sa batun cin bashi da ɓoye sirri suka cika rubuce-rubucensa. Ya yi aiki a gidajen wasa na Bergen da Kristiania, wadda ake kira Oslo yanzu, sannan ya bar ƙasar a 1864, ya shekara 27 tsakanin Italiya da Jamus.

Abin da ya zo da shi shi ne ya shigar da masu kallo cikin falon mutane irinsu, inda ake magana da harshen yau da kullum, ake kuma tono abin da gida ke ɓoyewa. Ki dubi wasansa Et dukkehjem, wato Gidan 'Yar Tsana, na 1879. Nora ta kwaikwayi sa hannun mahaifinta ta ci bashi a asirce domin ta ceci ran mijinta Torvald. Da asiri ya tonu, sai ya rufe ta da faɗa don tsoron zubewar mutuncinsa; da hatsarin ya wuce kuma, sai ya ce ya yafe mata. A nan ne ta zaunar da shi a gaban tebur, ta ce masa a shekara takwas na aurensu ba su taɓa yin magana ta gaskiya ba, sa'an nan ta fice, aka ji ƙarar rufe ƙofa.

Wannan ƙarshe ya tayar da ƙura ƙwarai. A Jamus wata fitacciyar 'yar wasa ta ƙi fitowa a matsayin uwar da za ta bar 'ya'yanta uku, dole Ibsen ya rubuta wani ƙarshen da Nora ta zauna, alhali ransa bai so ba. Ya koma Norway a 1891, ya rasu a Kristiania ranar 23 ga Mayu, 1906.