Baffa, Ga Dalilin da Ya Sa Muka Ce Kada Ya Sa Hannu

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Saƙonka na murya ya same ni ina hanyar tashar jiragen ruwa ta Yokohama, sai da na saurare shi sau biyu. Na ji faɗan, na kuma karɓa. Ka ce mace ta fita ta bi wani, ta dawo tana neman takardarta, mu kuma da muke kiran kanmu manya muka taru muka ce wa yaron nan, mijinta, kada ya ba ta. Ka ce ina kunya, ina zuciya, yaushe namiji ya koma riƙe gefen zanen matar da ba ta son sa? Da a gabanka aka kawo maganar lokacin da kake magatakarda a kotu, na san inda za ta ƙare: ko ya sake ta a wuce wurin, ko ta yi khul'i ta mayar masa da sadakinsa. Ban ga aibin wannan ba. Sai dai a Japan ba haka aure yake mutuwa ba, shi ya sa nake roƙon ka saurare ni har ƙarshe kafin ka yanke mana hukunci.

Aure biyu ne a kan kowannenmu a nan, na masallaci da na takarda. Na masallaci yana hannun miji kamar yadda ka sani. Na takarda kuwa, ko mutum ya furta saki uku a gaban liman, a ofishin ƙaramar hukuma suna nan mata da miji. Abin da yake kashe shi wata takarda ce guda mai koren rubutu, rikon todoke suke ce mata. Miji ya sa hannu, mata ta sa, shaidu biyu su sa, a miƙa wa ma'aikaci, shi ke nan. Babu alƙali, babu mai tambayar wa ya cuci wa. Kusan tara cikin goma na auren da yake mutuwa a ƙasar nan ta wannan hanyar yake mutuwa. A jikin takardar kuma akwai gurbin da ake rubuta wanda zai riƙe 'ya'ya. Na san mutum biyu cikinmu da aka miƙa musu ita a kan teburin cin abinci aka ce takardar makarantar yara ce, suka sa hannu don ba su iya karanta rubutun ba. Ɗayansu sai da wasiƙa ta zo daga ofis ya san ba shi da mata.

Don haka abin da muke fara yi idan gidan ɗan'uwa ya fara tangal-tangal ba wa'azi ba ne. Wani wanda ya iya yaren zai raka shi ofishin ƙaramar hukuma ya cike takardar da suke kira fujuri, wato roƙon kada a karɓi takardar saki da sunansa sai ya zo da ƙafarsa. Kyauta ce, da katin shaidarsa kawai zai je, kuma tun 2008 ba ta da wa'adi, tana nan har sai shi da kansa ya janye ta. Yaron nan ya yi wannan kwana biyu bayan ta kwashe kayanta.

Idan aka rufe wannan ƙofa, mai son fita dole ya nufi kotun iyali, kuma ba a fara shari'a sai an yi zaman sulhu tukun. Kan sarki na yen 1,200 ake mannawa a buɗe fayil. Masu sasantawa biyu ne, yawanci namiji da mace, a shigar da wannan a ji ta bakinsa, ya fita a shigar da wancan, kamar sau ɗaya a wata. Ba su da ikon tilasta wa kowa. Wanda ya ce bai yarda ba, an tashi. Daga nan sai ƙara, kuma mai ƙara sai ya kawo dalili daga cikin waɗanda sashe na 770 na dokarsu ya lissafa: cin amanar aure, ko yasar da abokin zama da gangan, ko ɓatan mutum shekara uku ba a san yana raye ko ya mutu ba, ko wani babban dalili da ya sa zaman ba zai yiwu ba. Wannan na ƙarshen shi mai laifi yake rakuɓewa a jikinsa. Sai ya ce ai auren ya riga ya ruguje, alhali shi ya rusa shi.

A nan ne zan ba ka abin da na san zai burge ka, kai mai son tsohuwar shari'a. A wata shari'a da aka yanke a 1952, wani mutum ya ajiye farka har ta yi ciki, matarsa ta gida ta fusata, ta watsa masa ruwa, ta ɗauki tsintsiya, ya fice ya tare wurin waccan, sannan ya kai ƙara a raba auren. Kotun Ƙoli ta kore shi. Ta ce idan aka biya masa buƙata, matar ta zama wadda aka taka kuma aka shura. Da Bahaushe ne alƙalin, ga mari ga tsinka jaka zai ce. Har yau lauyoyinsu da wannan kalmar suke kiran hukuncin. Shekara 35 ana kan haka: wanda ya ɓata aure ba shi da bakin neman a raba shi.

A watan Satumba na 1987 suka sassauta. Shari'ar wasu tsofaffi ce da suka yi aure a 1937, mijin ya koma wurin wata a 1949, suka shekara kusan 36 ba sa tare, ba su kuma haihu da juna ba. Kotun Ƙoli ta ce ana iya sauraron mai laifi, amma a duba abu uku. Rabuwar ta daɗe sosai idan aka gwada ta da shekarunsu da tsawon zaman da suka yi tare? Akwai ɗan da bai tsaya da ƙafarsa ba? Sakin zai jefa wanda aka cuta cikin ƙunci mai tsanani, na rai ko na aljihu ko na mutunci? Tsohon ya samu sakinsa daga baya, amma sai da aka ɗora masa yen miliyan 25. Tun daga nan ba a ƙayyade shekaru ba. An taɓa ganin rabuwar shekara takwas ta isa, an kuma taɓa ganin takwas ɗin ba ta isa ba. A 2004 kuwa wani da ya shekara biyu da wata huɗu a waje, ga yaro ɗan shekara bakwai, ga matar ba ta da cikakkiyar lafiyar neman na kanta, Kotun Ƙoli ta ce bai isa ba.

To auna yaronmu da wannan ma'auni. Shekara tara suna tare, wata biyar da fitarta, yara biyu suna firamare. Idan ya tabbatar ita ce mai laifi, ƙararta ba inda za ta.

Tabbatarwar ce aikin. Alƙalin nan ba ya ba da rantsuwa a rabu, ba ya kuma jin "kowa ya sani". Takarda yake so da kwanan wata. Saƙonnin LINE, manhajar hira ta waya da ake amfani da ita a nan, da ta bari a tsohuwar wayar gida, hoton shigarsu masauki da fitowarsu, rasit, ranar da ta daina kwana a gida. Kwanan watan ya fi komai, domin kariyar da mai laifi ya fi kawowa ita ce wai sai da auren ya mutu murus sannan ya fara neman wani, kuma idan alƙali ya yarda da haka, laifin ya faɗi. Shi ya sa muka sa shi ya tono hotunan tafiyar da suka yi da yara wata ɗaya kafin abin ya fito, da saƙonnin da take tambayarsa me za a dafa. Mun kuma ja masa kunne da kyau: kada ya ɗaga hannu, kada ya yi zagi a waya, kada ya je ƙofar gidan mutumin. Mari ɗaya da takardar likita sun isa su mayar da shi mai laifi, ita ta koma wadda ta gudu don tsira da ranta. Lauya kuwa ta hanyar Houterasu ya samu, cibiyar da gwamnati ta kafa don masu ƙaramin ƙarfi, inda ake ganin lauya kyauta har sau uku a kan magana ɗaya, baƙo ma yana da haƙƙi muddin zamansa na halal ne.

Kada ka ɗauka kullum mu ake cuta, Baffa. Sau da yawa takobin a kanmu yake sauka. Mutum zai je gida hutu, a ɗaura masa aure da budurwa, ya dawo ya yi shiru, bayan shekara biyu ya ce ya gaji da matarsa ta nan, Bajapaniya. A wurinmu ya yi sunna. A wurin alƙalin nan cin amana ya yi, domin dokarsu ba ta san mace ta biyu ba. Sai ta ƙi sa hannu, ta kuma nemi kuɗin ciyarwa, wanda ake yankawa da jadawalin da kotuna suke aiki da shi gwargwadon abin da kowa yake samu da yawan yara, ana kuma lissafa shi daga watan da aka nema. Ya yi ta biya wata bayan wata, ba mata ba saki. Irin waɗannan idan suka zo mana da kuka, gaskiya ba na iya tausaya musu sosai. Wanda ya ɓoye wa mace abu irin wannan shekara biyu ya san ba daidai yake yi ba tun kafin alƙali ya gaya masa.

Yanzu ga abin da ya sa sa hannu cikin fushi yake da tsada. Yaron da izinin zama na mijin 'yar ƙasa yake zaune, bai samu na dindindin ba. Ranar da aure ya mutu, kwana 14 gare shi ya sanar da hukumar shige da fice, kuma idan ya wuce wata shida bai sauya izinin ba ana iya soke shi. Ana sauya wa mutum zuwa wani izinin idan ya daɗe a auren ko yana riƙe da ɗa ɗan ƙasa, amma ganin dama ne, ba dole ba. Ƙin sakin ma ba laya ba ce. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke wa wata 'yar Tailan, wadda mijinta ne ya bar ta ya bi wata, cewa auren da ya rage a takarda kawai ba ya riƙe wa mutum izinin zama. Lokaci kawai yake saya, ya shirya takardunsa a tsanake.

Sai yaran. Shekara da shekaru dokarsu mutum ɗaya take ba riƙo bayan saki, sai a 2024 majalisa ta yi gyaran da ya buɗe ƙofar riƙon haɗin gwiwa daga Afrilun 2026. Amma laifin aure daban, riƙon 'ya'ya daban. Alƙali ba ya hana uwa 'ya'yanta don ta ci amana. Wanda yake yi musu wanka, yake kai su makaranta, yake zuwa taron iyaye, shi yake dubawa. Allah ya taimaki yaron nan ta bar su a hannunsa da ta fita, shi yake haɗa musu abincin makaranta kullum da asuba kafin ya tafi aiki. Da ya sa hannu a daren da ta kawo takardar, sunanta ne a gurbin riƙo, ta riga ta cike.

Inda na yarda da kai shi ne ba a riƙe mutum don a gana masa azaba. Wannan mun faɗa masa a gaban liman bayan Juma'a. Wanda zuciyarsa ta tafi, kotu ba ta dawo da shi, kuma duk daren daɗewa shekarun rabuwa za su taru su ba ta abin da take nema. Mun ce masa ya riƙe "a'a" ɗinsa har sai an rubuta abu huɗu a gaban masu sasantawa: yara a hannunsa ita tana ganinsu, kuɗin da za ta riƙa bayarwa na ɗawainiyarsu, rabon abin da suka tara tare, da diyyar cin amana, wadda a irin wannan ba ta cika wuce yen miliyan ɗaya zuwa uku ba. Abin da aka rubuta a zaman sulhu ƙarfinsa ɗaya da hukuncin alƙali, ana iya kama albashin wanda ya saɓa. Ranar da aka rubuta, ya sallame ta da alheri, na takarda da na masallaci gaba ɗaya. Ya amince, ko da yake da ƙyar.

Zama na uku wata mai kamawa ne, ni zan raka shi. Alfarma ɗaya nake nema a wurinka, tunda mahaifiyarsa tana jin maganarka. Na ji ta fara nema masa mata don ta share masa hawaye, har an kai gaisuwa wani gida. Don Allah ka ce mata ta dakata har takardar nan ta fito. Idan aka shafa fatiha yanzu, hoto ɗaya ya shiga Facebook, lauyan matar zai buga shi ya ajiye a gaban alƙali, duk abin da muka tara wata biyar ya zube.

A gaida su Inna da yara.