Tambaya da Amsa: Ina Son Hoton Kifin Manta, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samu takardar shaidar nutso ta matakin farko, kuma na daɗe ina ɗaukar hoto a tudu. Yanzu ina shirin shiga irin jiragen ruwan nan da masu nutso ke kwana a ciki har mako guda, burina in ɗauko hoton kifin manta. Wace ƙasa zan nufa, a wane wata, kuma wace kyamara zan riƙe? Wani abokina ya je ya dawo, hotunansa duk shuɗi ne dishi-dishi, yawanci ma wutsiyar kifin ya samo. Ba na son in dawo da irin nasa.
Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abokinka, domin hotunansa sun faɗi abin da ya faru. Duk wanda ya dawo da wutsiyar manta, bin kifin ya yi. Shuɗin nan kuma nisa ne ya jawo shi. Ya bi, kifin ya ƙara gaba, ruwan da ke tsakaninsu ya yi yawa, launi ya ɓace. Ko kyamarar da ta fi kowace tsada ya riƙe, abin da zai samo ke nan.

Ka san dabbar tukuna. Manta dangin kifin shak ne, ba shi da ƙashi sai guringuntsi. A 2009 masana suka tabbatar ba iri ɗaya ba ne: akwai mai zama kusa da duwatsun murjani, wanda faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike yawanci mita 3 zuwa 4 ne, akwai kuma na tsakiyar teku mai kaiwa mita 7. Ba ya cizo, kuma ba shi da ƙaya mai dafi a wutsiya irin ta 'yan uwansa masu kwanciya cikin yashi. Abincinsa ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa ne, waɗanda ake kira filankiton, yana buɗe baki yana tace su. Cikin kifayen da aka auna babu mai ƙwaƙwalwa girman tasa, kuma yana da son ganin ƙwaf. Wannan halin nasa shi ne jarinka. Idan ka natsu wuri ɗaya, sau da yawa shi zai zo ya duba ka, ya juyo da ido ɗaya ya ƙare maka kallo. Har yau, duk lokacin da hakan ta same ni, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Inda za ka fi samunsa shi ne wuraren gyaran jiki. Akwai wasu duwatsun murjani da manta ke komawa a kai a kai, domin ƙananan kifaye su tsince masa ƙwari da matacciyar fata, har cikin baki da ramukan numfashi. A nan yakan rage gudu, ya yi ta kewaya dutsen, wani na jiran wani kamar masu layin aski. Jagoran jirginku ya san duwatsun nan. Naka shi ne ka sauka gefe, ka yi ƙasa kusa da yashi, ka bar kan dutsen fayau. Mutum ɗaya idan ya hau kan dutsen, ƙananan kifayen za su watse, manta ya tafi, kowa ya yi asara. A wani wuri da ake kira Manta Sandy a tsibiran Raja Ampat na ƙasar Indunusiya, har jera duwatsu aka yi a ƙasa don masu nutso su tsaya a bayansu. Ƙungiyar Manta Trust ta Birtaniya tana ba da shawarar kada ka matsa kusa da shi fiye da mita 3, ka zo masa ta gefe, kada ka tare masa hanya. Idan shi ya matso, wannan kuma shi ya so. Amma ko ya wuce dab da kanka kada ka kai hannu, domin akwai yauƙi a fatarsa da ke kare shi daga cututtuka. Kumfar numfashinka tana iya razana shi idan ta buge shi a ciki, don haka ka riƙa fitar da iska a hankali. Kada dai ka taɓa riƙe numfashi saboda hoto, huhunka ya fi kowane hoto.

Wannan ya kawo ni kan takardarka. Matakin farko iyakarsa mita 18 ne, jiragen kwana da yawa kuma suna neman mataki na biyu mai kaiwa mita 30, wasu har da adadin nutson da ka taɓa yi. Ka yi shi kafin tafiya, ka haɗa da darasin naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa iskar oksijin, tun da sau uku ko huɗu ake nutso a rana. Abin da ya fi takardun muhimmanci shi ne ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba tare da kana wutsil-wutsil da hannu da ƙafa ba. Wanda bai iya wannan ba, kyamara za ta cinye hankalinsa, ya tayar da yashi, ya karya murjani, ya manta da duba ma'aunin iskarsa. A nutson farko na jirgin ka bar kyamarar a sama.

Maganar ƙasa kuwa, da ni ne kai tsibiran Maldibs zan fara. Ruwan da ɗumi, jiragen da yawa, kuma ana samun manta duk shekara, sai dai wuri ya canza. Daga Mayu zuwa Nuwamba, lokacin iskar kudu maso yamma, abincinsu na taruwa a gabashin tsibiran, sai su bi shi can, a lokacin ne wurin Lankan da ke arewacin Male, babban birnin ƙasar, ke cika da su. Daga Disamba zuwa Afrilu sai su koma yamma. Saboda haka kada ka tambayi masu jirgi ko ana ganin manta, kowa zai ce maka ana gani. Ka tambaye su wace hanya za su bi a watan da za ka je. Wasu jiragen suna kwana a Fesdu, su kunna manyan fitilu a bayan jirgi da dare, haske ya tara filankiton, manta ya zo ya yi ta tuntsura gudiddigi yana ci.

Indunusiya ta haramta kama manta baki ɗaya a 2014. Raja Ampat ta fi kyau daga Oktoba zuwa Afrilu, kuma a can ake yawan ganin baƙaƙe wuluk har ciki. Komodo ma akwai su, amma ƙarfin gudun ruwa a can ba na ɗan koyo ba ne, kudancinta kuma da sanyi. Tsibirin Socorro na Meziko shi ne wurin manyan na tsakiyar teku, daga Nuwamba zuwa Mayu, sai an yi kusan kwana guda a teku kafin a isa. Saɓanin na sauran wurare, mantan can har neman kumfar masu nutso suke yi ta riƙa shafar cikinsu. Ka ajiye wannan sai ka ƙware.

Yanzu kyamara. Ruwa yana shanye launi: ja ne ke fara tafiya tun wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai ruwan ɗorawa, shuɗi ya rage shi kaɗai. Ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, har da tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Shi ya sa gilashin jawo nesa da kake ji da shi a tudu ba shi da amfani a nan. Kana buƙatar gilashi mai ɗaukar fili sosai, da gidan kyamara mai kumburarren gilashi a gaba, don idan kifin ya zo kusa ya shiga hoton gaba ɗayansa. Idan kyamarar da kake da ita tana da gidan da aka yi domin ta, ita za ka riƙe, domin wadda yatsunka suka haddace ta fi sabuwa. Ka ɗauka da tsarin RAW don ka iya gyara launi daga baya. Ni nakan fara da saurin ƙiftawa 1/160, ƙofar haske f/8, ƙarfin jin haske ISO 400, in ɗauki ruwan banza in duba shuɗin tun kafin kifin ya bayyana. Idan ya riga ya iso, babu lokacin murɗe-murɗe.

Filasha a ruwa ba ta wuce mita 2. Idan kifin ya fi haka nisa, kashe ta, domin abin da za ta haska kawai shi ne filankiton ɗin da ke gabanka, hoton ya cika da fararen ɗigo. Ka tuna kuma inda manta ke cin abinci ruwan ba ya yin garau, abincin ne ke gurɓata shi. Idan za ka kunna, ka baza hannuwan fitilun can gefe, ka ja su baya kaɗan da gilashin, ka rage ƙarfinsu, saboda cikin manta fari ne fat, da ƙarfi ya yi yawa zanen ɗigon da ke fatar cikin zai ɓace a hoton. Idan ya bi ta samanka da rana, ka matse ƙofar haske zuwa f/16, ka jira jikinsa ya rufe rana, ka ɗauki inuwarsa. Wannan hoton ko ƙaramar kyamara tana iya fitar da shi.

Zaman jirgi yana da nasa ladabin. Ka haɗa kyamara tun da dare, a natse, a wuri mai haske. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben robar da ke toshe gidan ya isa ruwa ya shiga, kuma babu kanti a tsakiyar teku, don haka ka tafi da zobe da batir na ko-ta-kwana. Kafin nutso ka tsoma gidan a bahon ruwan daɗi ka ga ko kumfa na fita. Bayan nutso ka ɗauraye, amma kada ka bar ta a bahon, kyamarorin mutane za su yi ta gwaruwa da taka. Kada ka bar ta a rana, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa daga ciki da zarar ta shiga ruwa. Ka fara shiga ruwa, ma'aikacin jirgi ya miƙo maka ita. Batura a jakar hannu ake shiga da su jirgin sama, a jirgin ruwa kuma a inda aka ware ake cajinsu, ba a ɗaki kana barci ba. Bayan nutson ƙarshe, ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira akalla awa 18 kafin hawa jirgin sama idan an jera kwanaki ana nutso. Ni awa 24 nake bari.

Ina da roƙo ɗaya gare ka. Ɗigon da ke fatar cikin kowane manta nasa ne shi kaɗai, babu biyu da suka zo ɗaya, kuma da shi masu bincike ke gane su shekara bayan shekara. Idan ka samu hoton ciki, daga ramukan numfashi zuwa gindin wutsiya, ka tura wa Manta Trust ko shafin MantaMatcher da rana da wurin da ka ɗauka. Macen manta tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta kan yi shekaru kafin ta sake. Ana kuma kashe su don a sayar da matatar numfashinsu a kasuwannin Asiya. Shi ya sa aka sa su cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe a 2013, a 2020 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa na tsakiyar teku cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Dabbar da ke hayayyafa a hankali haka, kowane ɗaya da aka san inda yake yana da amfani. Allah Ya kai ka lafiya.

TAMBAYA: Malam, ni ban iya nutso da tukunyar iska ba, iyo kawai na iya da gilashin ido da bututun numfashi. Maigidana yana so in raka shi jirgin. Zan samu hoto kuwa, ko zaman jira zan yi?
Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, za ki samu, idan kun zaɓi hanya da kyau. Manta yakan ci abinci a saman ruwa, inda haske da launi suka fi yawa. Ku nemi jirgin da zai bi ta Baa a Maldibs, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren kiyaye halittu a 2011. A can ne mashigin Hanifaru yake, kuma an hana nutso da tukunya a cikinsa, don haka shi ma maigidan bututu zai sa kamar ke. Daga Yuni zuwa Nuwamba, musamman kwanakin tsayuwar wata da cikarsa lokacin da ruwa ke tunkuɗowa da ƙarfi, filankiton kan maƙale a mashigin, wani lokaci manta fiye da 100 su taru, suna bin juna a jere baki buɗe. Ba kullum ba ne, akwai ranar da za a je a tarar da wayam. Masu gadi suna ƙayyade yawan mutane da lokaci, minti 45 ake bayarwa, kuma ba a kunna filasha.

Ƙaramar kyamara irin GoPro ta ishe ki, da igiya a wuyan hannu. Waya a jakar leda ban ba ki shawara ba. Ki sa rigar da ke hana nutsewa idan ba ki saba da teku ba, ki kwanta shame-shame a kan ruwa, takalman iyonki su zauna a cikin ruwa kada su yi ta fantsama. Ko kin ga ya nufo ki da baki buɗe kada ki tsorata, yana ganinki, zai kauce da kansa. Ki juya wa rana baya, ki kunna bidiyo ki bar shi yana tafiya, daga baya ki ciro hotunan da suka fi kyau. Kafin ku biya kuɗi, ki sa a tambayi masu jirgin ko suna da jagora na masu iyo a sama, kuma a tabbatar sunan Hanifaru yana rubuce a cikin hanyar da za su bi.