Yadda ake karanta takardar alƙaluman wasan kwando na Folan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin gasar ƙwallon kwando ta ƙasar Folan ta intanet, amma takardar alƙaluman da ake fitarwa bayan wasa tana rikita ni. Haruffan ban gane su ba, sannan akwai wani layi a ƙarshe mai suna eval, inda sau da yawa wanda ya fi kowa cin maki ba shi ne a sama ba. Yaya ake lissafa shi, kuma shi ne ke nuna gwanin wasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da haruffan, don nan ne mutane suka fi zamewa. Gasar da kake kallo, wadda ake kira PLK, kuma tun 2023 take ɗauke da sunan Orlen Basket Liga, da harshen ƙasar ake rubuta alƙalumanta. Punkty su ne maki. Zbiórki shi ne cafe ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga kwando. Asysty shi ne miƙa wa abokin wasa ƙwallon da ya ci da ita. Przechwyty ƙwace ƙwallo ne daga abokan hamayya, straty kuwa zubar da ita ne, wato ta kuɓuce maka ta koma hannunsu. Wanda ya saba da takardun Amurka, da ya ga harafin S sai ya ɗauka ƙwace ne ya yaba wa ɗan wasa, alhali a nan yana iya zama straty, wato ɓarnar da ya yi. Haka a wajen cafka: atak ita ce wadda aka yi a kwandon abokan hamayya, obrona ta gida wajen tsaro. To harafin O na obrona tsaro yake nufi, ba hari ba kamar a takardun Amurka. Jifa kuma an kasa ta uku, za 2, za 3, da za 1 wadda ita ce jifar kyauta.

Shi eval tarawa ne da ɗebewa kawai. A tsarin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ana haɗa maki da cafka da miƙawa da ƙwace da tare jifa, sannan a cire duk jifar da ta ɓaci, da jifar kyauta da ta ɓaci, da zubar da ƙwallo. Akwai tsari na biyu da gasar EuroLeague ta manyan ƙungiyoyin Turai ke amfani da shi, wanda ke ƙara wa ɗan wasa ketar da aka yi masa, ya rage masa wadda ya yi da jifarsa da aka tare. Shi ya sa za ka ga shafuka biyu sun ba mutum ɗaya lamba daban a wasa ɗaya. Ɗauki ɗan wasa guda ka lissafa da hannu, nan take za ka gane tsarin da shafinka ke bi.

Ga misali na koyarwa da na tsara, na 'yan wasa biyu. Na farko ya ci maki 22. Ya jefa ta maki biyu sau 11 ya ci 5, ta maki uku sau 10 ya ci 3, jifar kyauta sau 5 ya ci 3. Cafka 2, miƙawa 3, ƙwace 1, ya zubar sau 4. Abin da ya tara 28 ne. Cire jifa 13 da suka ɓaci, da kyauta 2, da zubarwa 4, saura 9. Na biyu dogo ne mai tsayawa a ƙarƙashin kwando. Maki 11 kacal, amma jifa 6 ya yi ya ci 5, kyauta 2 ya ci 1, cafka 10, miƙawa 2, ya tare jifa 2, ya zubar sau 2. Ya tara 25, an cire 4, saura 21. Rabin makin na farko ya ci, amma eval ɗinsa ya ninka nasa har da ɗori.

Akwai gaskiya a wannan hukunci. Kowace jifa da ta ɓaci dama ce da ƙungiya ta yi asara, kuma a wasan minti 40 damar ba ta da yawa. Idan kana son auna ingancin jifa sosai, ninka jifar kyauta da 0.44, ka haɗa da sauran jifofin, ka ninka jimlar sau biyu, sannan ka raba makin da ita. Na farko zai fito da kusan kashi 47 cikin ɗari, na biyu kusan 80. Wannan ma'auni ya fi kason jifa na yau da kullum adalci, domin yana ba jifar maki uku haƙƙinta.

Amma ni ba na yanke hukunci da eval shi kaɗai, kuma ba na ba ka shawarar haka. Yana fifita dogaye. Wanda aka miƙa wa ƙwallo a bakin kwando da wuya ya ɓarar, cafkar tsaro kuma da yawa babu mai jayayya da shi a kanta. Shi kuwa mai tsara wasa, shi ake jefa wa ƙwallo idan daƙiƙa 24 na hari sun kusa cika, ya yi jifar dole daga bayan layin maki uku na mita 6.75, ta ɓaci, a rubuta masa. Wataƙila jifa shida da dogon nan ya samu a sarari, don an taru a kan na farkon ne. Sannan tsaro kusan ba ya fitowa a takardar. Wanda ya manne wa gwanin abokan hamayya ya hana shi karɓar ƙwallo tsawon wasa, yana iya tashi da eval 2.

Layin +/- yana ɗan cike wannan giɓi. Yana nuna bambancin makin ƙungiyoyin biyu a lokacin da ɗan wasan yake cikin fili. Matsalarsa ita ce mutum biyar ne a ciki, don haka rago yana iya cin albarkacin gwanaye huɗu. A wasa ɗaya kada ka ɗora masa nauyi. Sai an tara wasanni da dama yake fara faɗin wani abu.

Duba mintuna kafin komai. Maki 10 a minti 14 ba ɗaya ba ne da maki 10 a minti 33. Raba abin da ya yi da mintunansa ka ninka da 40 idan za ka kwatanta mutum biyu, amma kada ka yi haka ga wanda ya buga minti biyar a ƙarshen wasan da aka riga aka gama. Kada kuma ka auna su da alƙaluman NBA, gasar Amurka, kai tsaye. Can minti 48 ake bugawa, keta shida ke fitar da mutum. A Folan zango huɗu ne na minti goma-goma, keta biyar ka fita. Dogon da ya yi keta biyu a zangon farko yawanci benci zai zauna har hutun rabin lokaci, lambobinsa su ragu ba don bai iya ba.

Akwai ranar da takarda da ido suke yarda da juna. A gasar ƙasashen Turai ta EuroBasket ta 2022 a Barlin, a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Folan ta doke Slobeniya mai riƙe da kofin da ci 90 da 87. Mateusz Ponitka na Folan ya ci maki 26, cafka 16, miƙawa 10, wato ya kai goma a fanni uku, Luka Dončić, gwanin Slobeniya, kuma ya cika keta biyar ya fita kafin a tashi. Cafka 16 daga mutumin da ba shi ne dogon ƙungiya ba, ita ce lambar da ya kamata ka fara tsayawa a kanta a wannan takardar, kafin makin.