Tambayi Malamin Fasaha: Yaron da Ya Kwance Tocilar Gida

Wasiƙun da suka shigo wannan wata kusan duk na masu ƙere-ƙere ne a gida. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 13 ne. Babu tocila ko tsohuwar rediyon da ta tsira daga hannunsa a gidan nan. Kwanan baya ya haɗa mota da kwali da danamon da ya ciro daga mataccen DVD, har tana tafiya da batir. Mahaifinsa ya ce shiririta ce, ya kwashe tarkacen ya zubar, yaron ya kwana biyu ko abincin kirki ba ya ci. Ni kuma wutar lantarki nake ji masa tsoro. Yaya zan yi?
Wata uwa, daga Gusau

AMSA: Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Wasiƙarki ta mayar da ni ƙauyenmu bayan girbin dawa, lokacin da kara ya bushe. Mukan zauna a gindin rumbu mu ɓare bayan karan siri-siri, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa da reza, mu riƙa soke ta da tsinken ɓawon har akori-kura ta tashi da gidan direba da bodinta. Yaran birni kuwa langa-langa suke lanƙwasawa, su yanko taya daga tsohon silifas, su sa doguwar waya ta sitiyari har ƙugu. In tayarka ta karkace, motarka sai ta yi ta cin gefe, kuma babu mai gaya maka dalili sai ka zauna ka gano da kanka. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar fasaha, kuma tun makon farko nakan gane ɗalibin da ya taɓa irin wannan wasa. Shi ne wanda in an miƙa masa abu yake juya shi ya leƙa ƙarƙashinsa.

Saboda haka abin da ɗanki yake yi karatu ne, sai dai ba shi da malami tukuna. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato tun yana yaro yake zanen motoci. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Ban ce kowane yaro mai kwance tocila can zai kai ba. Amma ko ya tsaya a gyaran waya ko haɗa sola, ya samu abin riƙe gida.

Maigida ma yana da gaskiyarsa, kada ki ture ta. Tocilar da ake amfani da ita ba ta kwancewa ba ce, boko da islamiyya kuma ba za su jira ba. Ki same shi cikin lalama, lokacin da ransa yake sanyi, ku tsayar wa yaron sharaɗi: akwati guda na tarkacensa, ranakun da aka yarda ya buɗe shi, kuma abin da ya mutu kaɗai zai taɓa. Wajen 'yan gwangwan za a samo masa matattun rediyo da DVD da kuɗi kaɗan. In da hali a saya masa filaya da sukundireba da mitar awon wuta irin ta masu gyara. Sai abin da na fi ba muhimmanci: littafin rubutu ɗan shafi arba'in. Duk abin da ya haɗa ya zana shi, ya rubuta batir nawa ya sa, me ya ƙone, me ya canza har ta tashi. Ran da mahaifinsa ya buɗe littafin nan ya ga lissafi a ciki, ina kyautata zaton maganar shiririta za ta yi sauƙi.

Tsoronki na wuta kuwa yana kan hanya. Iyakarsa batir, kada ya wuce bolt 12. Wutar soket bolt 230 ce, tana kisa. Kada ya buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ko inbata, domin akwai kayan da ke riƙe caji a cikinsu ko bayan an zare su daga bango. Batiran nan masu kama da ɗan yatsa da ake cirowa daga batirin kwamfuta, waɗanda ake kira 18650, bolt 3.7 ne, in sun cika 4.2. Ana cajinsu ne ta ɗan allon caji irin TP4056, ba a jona su kai tsaye da cajar waya. Wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage a rabu da shi, kuma kada a sa su a aljihu tare da makulli, suna iya kamawa da wuta.

In ya fara liƙin waya da dalma, to da babba a kusa, a wuri mai iska, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Na sha ganin masu gyara suna riƙe zaren dalma da haƙori saboda hannu biyu sun cika, kada ya koyi wannan. Ku mutanen Zamfara kun fi kowa sanin illar gubar dalma, tun abin da ya faru a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu. Allah ya jiƙansu. In akwai mai gyaran rediyo na kirki a unguwarku, wanda kuka yarda da tarbiyyarsa, ku kai masa yaron ranar Asabar ya riƙa zama yana miƙa masa kaya.

TAMBAYA: Baba Malam, shekarata 19. Na ƙera katafila da katako da kwali, hannunta yana motsi da sirinji da ruwa. Damuwata biyu. Hannun yana yin laushi, ba ya ɗaga yashi sosai. Sannan ina son in nuna ta ga jama'a, abokaina sun ce za a sace mini fasaha.
Wani matashi, daga Damagaram

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Laushin nan iska ce ta maƙale a cikin robar da ta haɗa sirinjin biyu. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka in ka danna sirinji ƙarfinka yana ƙarewa ne wajen matse kumfar kafin ya isa hannun. Ka ciro sirinjin biyu da robar, ka nutsa su cikin bokitin ruwa, ka yi ta ja kana turawa har kumfa ta daina fita, sannan ka jona su suna cikin ruwan. Ka ɗan zuba kala a ruwan domin ka riƙa ganin kumfa in ta dawo. Game da ƙarfi kuwa, ƙaramin sirinji ya zama a hannunka, babba a jikin katafilar. In faɗin fuskar babban ya ninka na ƙaramin, ƙarfin zai ninka, amma tafiyar za ta ragu da rabi. Ka gwada mai mil 10 da mai mil 20 ka ga bambanci. Sirinji da robar ƙarin ruwa kuma sababbi za ka saya a kemis. Kada ka kuskura ka tsinto na bola, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini.

Maganar sata ita ce na fi son mu tsaya a kanta. Dokar da katafilarka take aiki da ita, Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana ta tun ƙarni na 17, kuma ita ce a cikin birkin mota da jak da katafilar gaske. Babu wanda zai sace maka abin da yake a littafin sakandare. Abin da yake naka shi ne hannunka da haƙurinka, su kuwa ba a ɗaukarsu a hoto. Ɓoyon ne zai cuce ka. Da ka ɓoye, da har yanzu kana fama da kumfar iska kana zaton katakon ne ya yi nauyi.

Ka dubi ɗan allon nan na Arduino da ɗalibai suke sarrafa fitilu da danamo da shi. A garin Ivrea na Italiya aka fara shi a 2005, masu shi kuma suka saki zanensa ga duk mai so. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke yin irinsa da araha har ya iso kasuwanninmu.

Ka kuma tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano. A 2007, yana da shekara 24, labarinsa ya zaga duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa cikin wata takwas da injin tsohuwar Honda Civic da kujerun Toyota. Jirgin ya ɗaga, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Na yi alfahari da shi ƙwarai. Amma abin da ya iso hannuna na aikinsa hoto ne da labarin jarida. Da zanen farfelar da awonta ne suka iso, da na shimfiɗa su gaban ɗalibaina mun ɗora daga inda ya tsaya.

Nan ne muke da rauni. Sai ka ga yaro ya tsaya kusa da abin da ya ƙera an ɗauke shi hoto, jama'a su yi ta Masha Allah, a yi kira ga gwamnati ta taimaka, bayan mako guda an manta. To kai in za ka nuna taka, ko a makaranta, ko a WhatsApp, ko a bikin baje koli, ka ajiye rula ko kwalin ashana kusa da ita a san girmanta. Ka ɗauki cikinta, inda sirinji ya haɗu da hannu. Ka faɗi kayan da ka sa da jaka nawa suka ci. Ka auna yashin da take ɗagawa da gwangwanin madara, ka faɗi nawa ne kafin gyara, nawa ne bayan gyara. Ka faɗi hannu nawa ya karye maka kafin wannan ya tsaya. Mai sana'ar da zai ɗauke ka koyon aiki waɗannan yake dubawa.

In wata rana ka ƙirƙiro abin da babu irinsa, nan ne ake rajista kafin a yi shela. Ku a Nijar hukumar OAPI ce, mai hedikwata a Yawunde, wadda rajistarta ke aiki a ƙasashe 17 har tsawon shekara 20. A Najeriya kuma hukumar NOTAP da ke Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira su yi tasu.

TAMBAYA: Duk lokacin da na jona ƙaramin ƙwan LED da batir mai bolt 9 sai ya yi haske sau ɗaya ya mutu. Na ƙona shida. Jabu ake sayar mini?
Ɗalibin sakandare, daga Kumasi

AMSA: Ƙwan lafiyarsa lau, ɗana, wuta ce ta yi masa yawa. Jan LED kusan bolt 2 yake so, kuma kada abin da ke ratsa shi ya wuce miliyamfiya 20. Ka cire 2 daga 9, saura 7. Ka raba 7 da 0.02, wato miliyamfiya 20 ɗin nan, ka samu om 350. To rasista, ɗan abin da ke rage wuta, mai om 390 ko 470 za ka jona a ƙafa ɗaya ta ƙwan. Mai 470 zobensa rawaya ne da shuni da ruwan ƙasa, kuma za ka same shi a allon kowace matacciyar rediyo. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa.

TAMBAYA: Malam, ina son in gina ƙaramin samfurin zauren kakana da laka kafin a rushe shi a yi na bulo. Na gwada sau biyu, yana tsagewa, kuma ƙofar tana fitowa wani iri.
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: 'Yata, wannan niyya ta faranta mini rai. Garinku ne garin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ginin da aka kwaikwaya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

Ƙofar tana fitowa wani iri ne saboda da ido kike aunawa. Ki ari tef ki auna zauren gaske: tsawo, faɗi, tsayin bango, kaurinsa, ƙofa, zanko, har inda indararo ya fito. Sai ki ɗauki ma'aunin 1 bisa 25, wato kowace mita ɗaya ta koma santimita 4. Zaure mai mita 4 zai zama santimita 16, ƙofa mai mita 2 ta zama santimita 8. Ki yanka mutum na kwali mai santimita 7 ki riƙa tsayar da shi a bakin ƙofa, idonki zai gaya miki in wani abu ya kauce.

Tsagewa kuwa daga laka zalla ce da zafin rana. Maginanmu ba sa kwaɓa ƙasa ba ciyawa. Ki tankaɗe jar ƙasa, ki haɗa da ɗan yashi mai laushi da ƙaiƙayi, ki bar kwaɓin ya kwana. Ki fara ɗaura ƙashin ginin da waya da kwali, ki shafa lakar siriri-siriri, kowane shafi ya sha iska a inuwa kafin na gaba, ki lulluɓe da ɗanyen tsumma da dare. Tsinken tsintsiyar kwakwa zai yi miki azara, waya mai kauri kuma ta yi bakan gizo in zauren yana da shi.

Kafin magina su iso, ki zauna da kakanki ko wani dattijon gidan ki tambayi wanda ya gina zauren da zamanin sarkin da aka yi shi, ki rubuta a ƙarƙashin katakon da samfurin zai zauna. In kin gama ki aiko mini da hotonsa da rula a gefe, tare da takardar awon, zan sa su a wannan fili.